Tambayar Iya Mai Daddawa

Ina da shekara talatin da 'yan kai aka yi mini canjin wurin aiki zuwa wani ƙaramin asibiti a cikin birnin Zazzau. Aikina karɓar haihuwa. Ni 'yar kudancin Kaduna ce, Kirista, kuma duk wanda ya ji inda aka tura ni sai ya ce in kama ɗaki a Sabon Gari, in riƙa shiga birni da safe ina fita da yamma. Na gwada hakan wata biyu, zirga-zirgar ta galabaitar da ni. Sai wata abokiyar aikina ta ce ƙanwar kakarta tana da ɗaki babu kowa a ciki, kusa da asibitin, in ina so ta kai ni.

Gidan yana cikin wani lungu da in mace ta ɗauko kwarya a ka, sai wanda ke tahowa ya jingina da katanga ta wuce. Mai gidan wata Hajiya ce, tsohuwa, mijinta ya daɗe da rasuwa. Da hantsi matan aure na unguwar suke taruwa a tsakar gidanta tana koya musu karatun addini. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Malamar asibiti, sharaɗina biyu ne. Kada giya ta shigo mini gida, kada kuma ki ɗora mini naman nan da kika sani a tukunya. Ibadarki kuwa tsakaninki da wanda ya halicce ki." Na ce na yarda. A wannan gidan na yi shekara shida.

Babu majami'a a cikin ganuwa, don haka ran Lahadi sai in fita ta Ƙofar Doka in nufi Tudun Wada, inda wata ƙaramar ikilisiya take sujada da Hausa. Yawancin mutanen cikinta Hausawan ƙauyukan kewaye ne da neman abinci ya kawo gari: leburori, masu gadi, mata masu 'yan sana'o'i. A nan na ji ana sanar da ajin manya na nazarin Littafi Mai Tsarki, kowace Laraba da ƙarfe huɗu. Gaskiya ba ƙishin ilimi ne ya fara kai ni ba. Kaɗaici ne. Na kuma ɗauka cewa ni da na yi makarantar ungozoma, abin da za a koya wa waɗannan bayin Allah na daɗe da wuce shi.

Mai koyar da ajin wani dattijon ikilisiya ne da kowa ke kira Baba, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, mai sanyin magana. Mukan kai ashirin in an cika. Za a karanta wuri ɗaya, kowa aya ɗaya, masu iya karatu ke nan, sannan Baba ya rufe littafinsa a kan yatsa ya ce, "To, me kuka ji?" Daga nan sai ya yi shiru, ba ya gajiya da jira, har sai wani ya yi magana.

Ran farko da layi ya zo kaina na gane matsayina. Hausata ta kasuwa ce da ta ɗakin haihuwa: yi nishi, ina ke ciwo, nawa ne mudu. Da Turanci na saba karanta Littafin. Baƙaƙen nan masu lanƙwasa kuwa ban taɓa damuwa da su ba. Ayar da ta faɗo mini tana gargaɗi ne a kan ƙarya, ni kuwa na buɗe baki da ƙarfi na ce karya. Sai wata tsohuwa daga bencin baya ta ce, "Sista, waccan mai haushi ce. Wannan da ake hana mu, daga maƙogwaro take fitowa." Aka kwashe da dariya, har Baba sai da ya sunkuyar da kai.

Wannan tsohuwar ita ce Iya mai daddawa. A bakin unguwar Tukur-Tukur take zaune, daga can take takowa da ƙafa kowace Laraba. Ko bihim ba ta sani ba a takarda, amma in aka karanta abu sau ɗaya ya zauna mata, kuma ita ce mai kaɗa tulu in matan zumunta suna waƙa. Na ji haushinta ranar, ba zan ɓoye ba.

Da na koma gida sai na ɗauki al'adar karanta darasin mako mai zuwa a bayyane, a bakin ƙofar ɗakina bayan la'asar, don bakina ya saba. Wata rana na tsaya a kan kalmar tawali'u, ina ta juya ta. Hajiya tana gefe tana tsintar shinkafa. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Tawali'u ake cewa, ki ɗan tsaya a tsakiya. Kin san mene ne?" Na ce a'a. Ta ce, "Kin ga maƙwabcinmu mai ɗinkin riguna? Manyan gari ke sa aikin hannunsa, amma in yaro ya gaishe shi sai ya ajiye allura ya amsa. Shi ke nan." Daga ranar duk kalmar da ta gagare ni sai in kai mata: jinƙai, tsarkaka, alfarma, ƙanƙan da kai. Ba ta taɓa tambayata abin da littafina ya ce ba, ni ma ban taɓa ƙoƙarin karanta mata ba. Kalmar kawai nake kawowa, ta fasa mini ita da misalin wani a unguwa, in tafi.

Bayan kamar shekara guda Baba ya ce shi ba zai dawwama ba, don haka kowane mai iya karatu zai riƙa jagorantar ajin bi da bi. Nawa ya faɗo a kan ƙarshen labarin yaron nan da 'yan'uwansa suka jefa a rijiya, suka sayar da shi, daga baya ya zama babban mutum a wata ƙasa, yunwa ta kai su gabansa, ya yafe musu. Na yi shiri kamar zan shiga jarrabawa. Na cika shafi huɗu da bayani, na jera dalilai biyar da suka sa dole mai bi ya yi yafiya. Na tsaya gaban aji da farar rigar aikina, don daga asibiti na wuto, na yi ta zuba har na kai ƙarshe babu tuntuɓe ko ɗaya. Na ce cikin jin daɗi, "Akwai mai tambaya?"

Iya ta ɗaga hannu. Ta ce, "Sista, na ji duka biyar ɗin. Amma in mutum ya ce ya yafe, a gaban fasto da dattawa ya faɗa, kuma da gaske yake so, sai dai duk ranar da ya hangi mutumin nan sai cikinsa ya murɗa, abinci ya ƙi shiga. Wannan ya yafe ko bai yafe ba?"

Na duba takarduna, babu amsar a ciki. Na ce ai yafiya umarni ce, in an yi ta da bangaskiya ta yiwu. Ta ce, "Shekara uku ke nan ina yin ta da bangaskiya." Ba ta ɗaga murya ba. Na lura babu wanda ya waiwaya ya dube ta, kowa ya zuba wa ƙasa ido, ashe ni kaɗai ce ban san zancen ba. Na sake maimaita dalili na biyu. Baba ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Malama, mun gode. Wannan tambayar ta fi ƙarfin yau. Kowa ya tafi da ita gida, mu dawo da ita Laraba mai zuwa." Aka yi addu'a aka watse.

A bakin ƙofa Baba ya tsayar da ni ya gaya mini. Iya tana da ɗa namiji guda ɗaya, magidanci, lebura ne mai lodin yashi. Direban motar da yake bi ɗan ikilisiyarmu ne, kuma ɗan aminiyar Iya, tare yaran suka tashi a ƙauye. An gaya wa direban birkin motar ba shi da kyau, ya ce bari a yi sawu ɗaya tukuna a kai gyara. A wannan sawun motar ta ƙwace a gangara, ɗan Iya yana bisa yashin. Direban ya fita da karaya a hannu. Kowace Lahadi yana zaune a ɓangaren maza, ita tana ɓangaren mata.

Na isa gida na shige ɗaki. Hajiya ta ga ban ɗora tukunya ba, ta aiko mini da tuwo, sannan ta biyo bayansa da kanta ta zauna a bakin gadona, abin da ba ta taɓa yi ba. Na ba ta labari, ban ambaci kowa ba. Da na faɗi labarin da muka karanta sai ta ce, "Ai mu ma muna da shi, sura guda ce sukutum." Sannan ta ce, "Matar nan haƙuri ta yi, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Haƙuri shi ne ki ɗauki kayan ki yi shiru. Sauke shi kuma wani aiki ne daban, ba ranar da aka so ake yinsa ba. Ke da kike karɓar haihuwa, kin taɓa tsayawa a kan mace ki ce mata dole ta haihu yanzu don dalilai biyar?" Na yi dariya hawaye na zubo mini. Ta ce, "Ki je gidanta. Ba da takarda ba."

Ran Asabar na tafi Tukur-Tukur. Tun daga nesa warin kalwa ya nuna mini gidan. Na tarar da ita a gaban wata ƙatuwar tukunya tana tura itace. Na durƙusa na gaishe ta, na ce na zo ba da haƙuri, na yi magana a kan abin da ban sani ba. Ta ce, "Tashi, Sista, ai ba ki zage ni ba. Ɗauko kujerar can." Ta miƙo mini kwarya muka shiga wanke kalwar da ta dahu, muna murza ta ɓawon yana fita. Mun fi awa biyu a haka. Ta ba ni labarin ɗanta, ba labarin mutuwarsa ba, labarin yadda yake son ƙanzo tun yana ƙarami, da yadda ya taɓa ɗaukar ta a keke suka faɗa kwata tare. Ban ce komai ba sai "Allah sarki".

Laraba ta zagayo. Baba bai kawo amsa ba. Ya ce mu koma baya mu karanta labarin tun daga ranar da 'yan'uwan suka fara bayyana a gaban ƙanensu, a hankali, kuma duk inda aka ce mutumin ya yi kuka mu tsaya. Sai ga shi muna ta tsayawa. Ya gan su ya gane su, bai bayyana kansa ba, ya yi musu magana da kaushi. Ya juya musu baya ya yi kuka. Suka tafi, suka dawo bayan lokaci mai tsawo, ya ga sun zo da ƙanensa, ɗan ɗakinsu, ya yi sauri ya shige ɗaki ya yi kuka, ya wanke fuska ya fito. Ni da na karanta wurin nan da Turanci ban san iyaka ba, ban taɓa lura da wannan ba, ƙarshen kawai nake hange. Wani mai gadi a cikinmu ya ce, "Ashe shi ma bai iya a tashi ɗaya ba." Baba ya rufe littafin a kan yatsa, ya dubi Iya, ya ce, "Ni ban isa in ce kin yafe ko ba ki yafe ba. Abin da na gani shi ne, wanda ya shiga ɗaki ya yi kuka ya fito ya sa aka ba su abinci, yana kan hanya. Ba a kore shi daga labarin ba don ya daɗe."

Aka tashi daga ajin. Da muka fito Iya ta kama hannuna ta ce, "Wurin da ya wanke fuskar nan, a rubuce yake, ko Baba ne ya ƙara don ya sanyaya mini rai?" Na buɗe na nuna mata da yatsa. Ta daɗe tana kallon layin. Ta ce, "Ina so in gani da idona. Za ki koya mini?"

Haka muka fara, kowace Asabar in ba ni da aiki. Ta haura sittin, hannunta ya saba da muciya, fensir yana zame mata. Baƙi ɗaya sai ya ci mana mako biyu. Wani lokaci ta ture littafin ta ce kanta ya tsufa, in ce to mu koma wankin kalwa, can kuma ita da kanta ta jawo shi. Masu lanƙwasar da suka ba ni kunya kuwa su ta fi saurin kamawa, don kunnenta ya riga ya san bambancinsu. In na furta ba daidai ba sai ta daka mini tsawa kamar 'yar cikinta. Da wasu matan suka ji, biyu suka ce su ma suna so, sai mai gadin nan, sai wani makaniki. Baba ya roƙi dattawa aka ba mu allon makarantar Lahadi, muka mayar da abin ran Laraba, ƙarfe uku, kafin a fara nazari.

Ana cikin haka matar direban ta haihu, 'ya mace. Al'adar matan zumunta ce su je barka tare, kowa da ɗan abin da ta samu, sabulu ko itace ko garin kunu. Tun rasuwar ɗanta Iya ba ta taɓa taka gidan ba, kuma babu wadda ta yi tsammanin ganinta. Mun taru a bakin majami'a za mu tashi sai ga ta tafe da ƙullin daddawa. Shugabar mata ta buɗe baki za ta yi magana, wata ta taɓa ta, ta yi shiru. Iya ta zo ta tsaya kusa da ni ta ce a hankali, "In na ce mu tafi, ki taso kawai." Na ce to.

Gidan haya ne a wajen Gyallesu, ɗaki biyu. Direban yana tsakar gida yana hura wutar ruwan wankan jego. Da ya ga wadda ta shigo sai muficin ya faɗi daga hannunsa. Ya zube a ƙasa a gabanta. Duk muka tsaya cirko-cirko. Iya tana a kansa da ƙullin a hannu. Ta daɗe tana kallon tsakiyar kansa. Sannan ta ce, "Tashi. Dubi yadda ka rame. Ba a ba ka abinci ne?" Ya fashe da kuka irin na yara. Ita ba ta yi ba. Ta miƙa masa daddawar ta ce, "A sa wa mai jego a miya," ta wuce shi ta shiga ɗaki.

Aka miƙo mata jaririyar. Ta buɗe zanen ta duba 'yan yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya, yadda tsofaffi ke yi, ta ce yarinyar ta ɗauko goshin kakarta. Da aka tashi waƙa ba ta bi ba, amma ta riƙe jaririyar har aka yi addu'a aka gama. Ba ta ce mini mu tafi ba. Tare da kowa muka fito.

A hanya ni da ita muka rage a baya, don ƙafarta ba ta sauri. Sai da muka kusa titi ta ce, "Ciwon nan bai tafi duka ba, Sista. Yana nan. Amma yau na kalli fuskarsa, kuma ina jin yunwa." Muka tsaya wurin mai ƙosai, ta ci guda huɗu a tsaye, tana ta mita wai an cika barkono.

Ba zan ce daga ranar komai ya warware ba. Akwai Lahadin da takan zauna can baya ta fice kafin a tashi. Amma direban ya fara kai mata itacen dafa kalwa duk ƙarshen wata, ba ta hana shi ba, daga baya har matarsa takan je taya ta shanya. Kusan shekara biyu da fara karatunmu, wata Laraba layi ya zo kan bencin baya, mai karatu na gaba ya buɗe baki zai tsallake ta kamar kullum, sai ta ce, "Dakata." Ta ɗora yatsa, ta karanta ayarta, gajeriya ce, kalma ɗaya-ɗaya kamar mai tsallake rafi a kan duwatsu. Matan suka rangaɗa guɗa a cikin majami'a, Baba bai hana su ba.

Da aka sake yi mini canjin aiki zuwa Kaduna, Hajiya ta raka ni har bakin lungu, abin da ba ta yi wa kowa saboda gwiwarta. Ta ce, "'Yata, kin zo mini baƙuwa, ga shi za ki tafi 'yar gida. Ki riƙa leƙo mu." Nakan leƙa, ko da yake ba kamar yadda ya kamata ba. Baba ya tsufa ƙwarai yanzu, a kujera ake kawo shi, makanikin nan ne ke jagorantar nazarin. Ajin ƙarfe uku yana nan, har ya rabu biyu, na masu farawa da na waɗanda suka ɗan yi nisa.

A watan jiya wata mai zuwa Kaduna sarin kaya ta kawo mini takarda a naɗe cikin leda. Layi uku ne da fensir, baƙaƙen manya-manya, wasu sun hau kan wasu. Iya ce ta rubuta da hannunta. Ta gaishe ni, ta ce na yi wuyar gani. Ta ce ƙananan baƙaƙe sun fara guje mata, in zan zo in taho mata da tabarau. Na aika mata cewa tabarau ba a sayensa da ka, sai an auna ido. Ran Asabar zan je in ɗauko ta in kai ta a duba.